Neman kalma: me za mu kira "gut microbiota" a takardar masu karɓar maganin daji?

Malam Isiyaku:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Kalmar da ke gabanmu ita ce "gut microbiota", wasu su ce "microbiome". Inda ake bukatarta shi ne takardar bayanin da ake ba wanda zai fara karɓar maganin ciwon daji, a wurin da ake gaya masa dalilin da ya sa maganin ke kawo gudawa da kumburin hanji, da abin da zai yi in sun zo. Fassarar da ta fi yawo ita ce "ƙwayoyin cuta masu amfani da ke cikin hanji". Kunne ba ya karɓarta: cuta kuma mai amfani? Muna son suna gajere, wanda za a maimaita sau goma a shafi ɗaya ba a gaji ba, tsohuwa ta ji a bakin jikanta ta gane. Ma'aikatan lafiya su fara gaya mana aikin halittun nan tukuna, sannan mu raɗa musu suna.

Dakta Rabi, harhaɗa magunguna:
Wa'alaikumussalam Malam. Gara da ka ce a fara da aikinsu, don aikin ne zai kori rabin sunayen da za a kawo. Bari in ɗauki magani guda, irinotecan, wanda ake ba masu dajin babban hanji ta ƙarin ruwa.

Yadda aka ɗura shi a jijiya ba shi da wani ƙarfi. Hanta ce ke juya shi ya koma sinadarin SN-38, shi ne mai kashe ƙwayoyin daji. Daga baya hantar ta sake kama SN-38 ɗin, ta liƙa masa wani guntu dangin sukari da ke dakushe shi, ta tura shi cikin ruwan matsarmama ya sauka hanji don ya fita da bayan gida. Wato ta mayar da wuƙa cikin kube kafin ta jefar. To a babban hanji akwai bakteriya irin su E. coli da Bacteroides da Clostridium, masu wani inzayim, wato sinadari mai farfasa abu, da ake kira beta-glucuronidase. Guntun nan abinci ne a wurinsu. Sai su ɓalle shi su cinye, su bar SN-38 da kaifinsa a kan fatar hanji. Fatar ta ƙuje, ta kasa tsotse ruwa, gudawa ta ɓarke.

Shi ya sa gudawar wannan magani iri biyu ce, kuma haɗa su kuskure ne. Ta farko tana zuwa cikin awa 24 da ƙarin ruwan, tare da gumi da dalalar miyau da hawaye da murɗawar ciki. Wannan ba ruwan bakteriya a ciki, allurar atropine ake yi mata. Ta biyu sai bayan awa 24, galibi wajen kwana na 5 ga mai karɓa duk mako uku, ko wajen kwana na 11 ga mai karɓa mako-mako. Ita ce mai hannun bakteriya, ita ce kuma mai kisa in aka yi sakaci, don takan zo daidai lokacin da fararen ƙwayoyin jini suka faɗi.

A 2010 ƙungiyar Matthew Redinbo a Jami'ar North Carolina ta nuna a jikin ɓeraye cewa in an toshe inzayim ɗin kaɗai, aka bar bakteriyar da ransu, hanjin yana tsira. Ku lura, ba kashe su aka yi ba. E. coli ɗin nan yana cikin kusan kowane mai lafiya, bai taɓa sa shi ciwo ba sai ranar da aka kawo masa SN-38 har gida. Ba zan kira shi ƙwayar cuta ba, ba kuma zan kira shi mai amfani ba.

Aminu:
Allah ya ƙara basira, Dakta. To me zai hana mu cire "cuta" kawai, mu ce "ƙwayoyin halittar hanji"? Ko mu bi tsohon sunan da likitoci ke amfani da shi, "flora", mu ce "tsirran hanji".

Sista Talatu, jinyar masu daji:
Aminu ɗana, rufa mana asiri da "tsirrai". Wanda aka ce masa an ga tsiro a hanjinsa, aka yanke, aka sa shi a kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji, shi za a miƙa wa takarda mai cewa hanjinsa cike yake da tsirrai? Ko barci ba zai yi ba.

Ita kuwa "cuta", illarta a aikace take, ba a nahawu kawai ba. Mutum ya karanta cewa ƙwayoyin cuta ne ke sa shi gudawa, abin da zai yi a bayyane yake: kemis zai aika a sayo masa Flagyl ko kafso, tunda ba mai tambayarsa takardar likita. Abu uku ke biyo baya. Maganin ya share bakteriyar da ke tare hanya, wani bakteriya mai suna Clostridioides difficile ya samu fili, a koma gudawar da ta fi ta farko muni. In an zo asibiti a makare aka ɗebi jini don gano abin da ya shiga, gwajin ya ƙi nuna komai saboda maganin da aka riga aka sha. In kuma mutumin yana kan sababbin magungunan nan masu zaburar da garkuwar jiki, ana iya rage musu ƙarfi. Ba cewa nake ba a ba mai kemo maganin kashe bakteriya ba. Ana ba shi, da gaggawa ma, in akwai zazzaɓi ko fararen ƙwayoyin jini sun yi ƙasa. Amma likitan da ya ga sakamakon jini ne zai zaɓa.

Malam Garba, malamin Hausa:
Na goyi bayan Sista. Saura "ƙwayoyin halitta". Matsalarta kalmar "ƙwaya" ta riga ta yi kaya fiye da ƙarfinta. A takarda ɗaya za a samu ƙwayoyin daji, ƙwayoyin jini, ƙwayar magani, ga kuma "ƙwayoyin halitta" da marubutanmu ke kiran tubalan jiki da shi, su sake kiran kayan gado da shi. Ku gwada faɗin bayanin Dakta Rabi da ita: "ƙwayoyin halittar hanji suna sauya maganin ya lalata ƙwayoyin halittar hanji." Su wa suka lalata wa?

Ga abin da na auna. "'Yan gidan hanji" yana da daɗi a baki, amma ɗan gida naka ne, an riga an yanke hukunci cewa masoyi ne. "Garken hanji" ya kawo yawa, sai dai garke iri ɗaya ne kuma da makiyayi. "Al'ummar hanji" ta yi nauyi, kamar za su zaɓi shugaba. Wanda ya rage mini shi ne "mazauna hanji". Mazaunin wuri bai zama lalle na kirki ko mugu ba, zama kawai yake yi. Ginin kuma namu ne, kamar mazauna birni, mazauna karkara. A rubuta shi haka ba tare da ɗafa "-n" ba: mazauna hanji, ba mazaunan hanji ba.

Aminu:
Allah ya gafarta Malam, tsutsar ciki ma ai mazauniyar hanji ce. Sannan a rediyo in mai karatu ya ja harshe kaɗan, "mazaunai" za a ji, a yi ta dariya a sashen da ba na dariya ba.

Malam Garba:
Ta biyun ba ta dame ni ba, "hanji" na biye da ita nan take, kuma kullum ana cewa mazauna unguwa a labarai ba wanda ya murmusa. Ta farkon ce abin dubawa. Maganinta a ambaton farko a ce "ƙananan mazauna hanji, waɗanda ido ba ya gani, ba tsutsa ba". Daga nan a ci gaba da gajeren.

Dakta Bashir, nazarin ƙananan halittu:
Ina tare da Malam Garba, kuma ina da dalilin da ya sa aron "bakteriya" kaɗai ba zai wadatar ba. Ba su kaɗai ne a wurin ba. Akwai dangin yis da naman gwari irin su Candida, akwai bairos masu cin bakteriya, akwai wasu da ake kira akiya masu fitar da iskar methane. Bakteriya ne dai mafi rinjaye. Lissafin da Ron Sender da Ron Milo da abokin aikinsu suka fitar a 2016 ya ba da kimanin tiriliyan 38 a jikin namiji mai nauyin kilo 70, kusan dukkansu a babban hanji, nauyinsu gaba ɗaya wajen giram 200. Don haka "mazauna hanji" ya zama sunan taron, "bakteriyar hanji" kuma in ana nufin su kaɗai.

Bambancin "microbiota" da "microbiome" kada ya ɗauke mana lokaci. Na farko halittun ne, na biyu halittun haɗe da kayan gadonsu. A takardar majiyyaci suna ɗaya ya isa.

Wadda ta fi bukatar kulawa ita ce 'yar'uwarta, "dysbiosis". Kafin a fassara, ga abin da ake aunawa a ɗakin gwaji in an ce ta faru. Na ɗaya, yawan ire-iren ya ragu. Na biyu, iri ɗaya ya mamaye, kuma masu bincike a cibiyar daji ta Memorial Sloan Kettering da ke New York sun sa iyakar mamaya a kashi 30 cikin 100 na abin da aka ƙirga a bayan gida. A 2012 sun nuna cewa a masu dashen ɓargo, wanda Enterococcus ya mamaye hanjinsa haɗarin shigar wannan bakteriya jininsa ya ninka wajen sau 9. Na uku, masu sarrafa dusar hatsi da ganye da ɓawon wake su fitar da wani sinadari mai suna butyrate sun ɓace, alhali butyrate ɗin nan shi ne babban abincin fatar babban hanji. Fata ta ji yunwa, ga kemo ko gasa daji da hasken na'ura ya ƙuje ta, sai ta fara yoyo, abin da ke ciki ya tsallaka jini. A 2020 wani bincike kan masu dashen ɓargo 1,362 a cibiyoyi huɗu na Amurka da Jamus da Japan ya samu cewa masu ire-iren mazauna da yawa sun fi tsira da rai.

Ina ganin "gurɓacewa" ba ta dace ba, don tana nuna wani abu ne ya shigo daga waje, alhali sau da yawa na cikin ne suka rinjayi juna. "Ɓacin ciki" kuma tuni yana da ma'anarsa. Ni "hargitsewar mazauna hanji" nake so, da "mamaya" da "raguwar iri" a ƙarƙashinta.

Dakta Rabi:
Na karɓi "hargitsewa". Ƙarin hujja kan barin sunan ba yabo ba zagi: a 1993 a Japan an fitar da sorivudine, maganin ƙurajen nan masu raɗaɗi da ke fitowa a gefe ɗaya na jiki daga bairos ɗin ƙarambau. Bakteriyar hanji suna farfasa shi ya koma wani sinadari, BVU, wanda ke kashe inzayim ɗin hanta mai share maganin daji 5-FU daga jini. Masu shan dangin 5-FU da aka haɗa musu da sorivudine, maganin dajin ya taru a jikinsu, ɓargo da hanji suka lalace, mutum 18 suka rasu. Mazaunan nasu lafiyayyu ne, ba hargitsi ko ɗaya. Aikinsu na kullum suka yi.

Kada kuma takardar ta ɗora musu komai. Inzayim ɗin hanta da ke dakushe SN-38, UGT1A1, wasu sun gaji mai rauni, kuma wannan gadon ya fi yawa a 'yan asalin Afirka fiye da mutanen gabashin Asiya. Irin waɗannan maganin ya fi yi musu illa ko da mazaunansu na nan daidai.

Malam Isufu, daga Maraɗi:
Salamu alaikum ƴan uwa. A wajenmu takardun asibiti da Faransanci suke zuwa, "flore intestinale" ko "microbiote". Jama'a sun san "mikrob", amma a kunnensu mikrob ƙazanta ne, abin wankewa da sabulu. Ke nan matsalarmu ɗaya da ta "cuta". "Mazauna hanji" zai wuce a nan ba gardama. Roƙona a haɗa "zawo" da "gudawa" a ambaton farko, don zawo ya fi gudu a bakin mutanenmu.

Dakta Nafisa, likitar daji:
Na zo a makare, amma ga ɓangaren da zai gwada kalmar da kyau, wato magungunan zaburar da garkuwa irin su ipilimumab da nivolumab da pembrolizumab. Su ba sa ƙuje hanji da kansu. Birkin garkuwar jiki suke saki, sai garkuwar ta afka wa dajin, wani lokaci ta haɗa da babban hanji. Kumburin yakan zo makonni bayan an fara, har ma bayan an daina. Maganinsa prednisolone ne, miligiram 1 zuwa 2 a kowane kilo na nauyin jiki, in ya ƙi a koma infliximab ko vedolizumab.

Ina mazauna suka shigo? A 2016 an duba masu dajin fata melanoma da ke karɓar ipilimumab a New York, aka ga masu yawan bakteriya dangin Bacteroidetes sun fi kuɓuta daga kumburin. A 2017 a Faransa aka ga masu yawan bakteriyar Faecalibacterium maganin ya fi yi musu aiki a kan dajin, kuma su ne suka fi samun kumburin hanji. Iri ɗaya, riba da hasara tare. Duk wanda ya rubuta "masu amfani" a nan ya yi wa mai karatu ƙarya rabi. A 2018 kuma ƙungiyar Laurence Zitvogel a cibiyar daji ta Gustave Roussy da ke Faransa ta nuna cewa waɗanda suka sha maganin kashe bakteriya dab da fara irin wannan magani sakamakonsu ya fi muni, abin da Sista ta taɓo ke nan.

Ina da kalma ta uku da zan jefo. A 2018 a cibiyar daji ta MD Anderson da ke Houston an yi wa mutum biyu da kumburinsu ya ƙi jin kowane magani abin da ake kira "fecal microbiota transplant": a tace bayan gidan mai lafiya da aka tantance, a zuba a hanjin majiyyaci ta na'urar leƙa hanji. Dukansu sun samu sauƙi. Me za mu kira shi?

Aminu:
Dashen kashi mana, Dakta.

Malam Garba:
A'a. Rabin masu rubutu a waya ba sa sa ƙugiya, za a karanta "dashen ƙashi", a nufi likitan ƙashi. A ce "dashen mazauna hanji", tunda su ake dasawa, ba ƙazantar ba. Kun ga kalmar ta fara haihuwa, alamar za ta rayu. Sharaɗi ɗaya: jimlar da ke biye ta faɗi ƙarara daga ina ake samo su. Mutum na da haƙƙin sanin cewa daga bayan gidan wani ne, ya yi tambayarsa ta tsarki ga malamai in yana so, kada suna mai daɗi ya rufe masa ido.

Dakta Nafisa:
Madalla. A ƙara cewa aikin asibiti ne mai tantancewa, ba na gida ba. A 2019 a Amurka mutum biyu masu raunin garkuwa sun kamu da E. coli mai bijire wa magani daga mai bayarwa ɗaya, ɗayansu ya rasu.

Haka batun kafson bakteriya masu rai da ake tallatawa. Binciken 2021 a MD Anderson kan masu melanoma ya samu cewa masu cin aƙalla giram 20 a rana na ɓangaren abincin da ciki ba ya narkarwa, irin na wake da ganye da hatsin da ba a surfe ba, sun fi daɗewa dajin bai ci gaba ba, mafi kyawunsu kuma su ne waɗanda ba sa shan kafson. Wanda fararen ƙwayoyin jininsa suka faɗi, ko yake da robar ƙarin ruwa a babbar jijiya, yis ɗin Saccharomyces boulardii da ke cikin wasu kafson na iya shiga jininsa. Nonon da ba a dafa madararsa ba shi ma a ajiye shi a wannan lokacin. Wake da ganyen kuma na ranakun lafiya ne, ba na ranar da ake gudawa ba.

Malam Isiyaku:
Allah ya saka da alheri. Abin da zaure ya tsaya a kai: mazauna hanji, hargitsewar mazauna hanji, dashen mazauna hanji, sai bakteriyar hanji in su kaɗai ake nufi. "Antibiotic" kuma a wannan takarda "maganin kashe bakteriya" ne, ba "maganin kashe ƙwayoyin cuta" ba, don ba ya tambayar wanda zai kashe. Ga sakin layin gwaji, na mai karɓar irinotecan:

"A cikin hanjin kowa akwai ƙananan mazauna, waɗanda ido ba ya gani, ba tsutsa ba. Wasunsu suna sake tayar da maganin bayan hanta ta kwantar da shi, shi ya sa gudawa, wato zawo, kan zo kwanaki bayan ƙarin ruwa. Kada ka sayi maganin kashe bakteriya da kanka, zai hargitsa mazauna hanjinka. Ka sha loperamide, maganin tsayar da zawo, yadda aka rubuta maka, ka yawaita ruwan gishiri da sukari, ka zo asibiti idan gudawar ta yi yawa."

Sista Talatu:
Sunan ya zauna, Malam, amma jimlar ƙarshe ba za ta fita haka ba. "Ta yi yawa" kowa da ma'auninsa, wani sai ya kasa tashi zai ce ta yi yawa. A sa lamba. Loperamide: miligiram 4 a zawon farko, sannan miligiram 2 duk awa 2, da dare miligiram 4 duk awa 4, har a yi awa 12 ba zawo, kuma kada a wuce awa 48 ana sha, don hanji na iya tsayawa cik. Ruwan gishiri da sukari: ƙullin ORS ɗaya a lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, in babu, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe da rabin ƙaramin cokali na gishiri. A taho asibiti a ranar, ko da tsakar dare ne, idan zawon ya kai awa 24 bai tsaya ba duk da maganin, ko zafin jiki ya kai 38, ko an ga jini ko baƙin bayan gida, ko amai ya hana shan ruwa, ko fitsari ya ragu, ko jiri na ɗibar mutum in ya miƙe. Da zazzaɓi ko jini a daina loperamide ɗin.

Wannan jadawalin na irinotecan ne kaɗai, a rubuta haka da manyan baƙaƙe a samansa. Mai karɓar maganin zaburar da garkuwa takardarsa daban: in bayan gidansa ya ƙaru da sau 4 a rana kan yadda ya saba, ko da ciwon ciki ko majina ko jini, ya kira likitansa kafin ya haɗiyi ko ƙwaya ɗaya ta tsayar da zawo.